Kwalba Mai Lamba Hamsin

Har yau in na ji ƙamshin mangwaro a rufaffen ɗaki sai in tashi in fita waje. Ba mangwaron itace ba, irin ƙamshin nan na alawa. Wata biyar ke nan, amma abin bai bar ni ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko zai ragu a kaina.

Mu mutanen Batsari ne. Aikin koyarwa ne ya kai Baba Safana, muka bi shi, muka kama haya a wani gida mai ɗaki uku kusa da firamaren da yake koyarwa. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Inna Bafulatana ce daga wajen Yasore, Baba ma a hannun kakarsa Bafulatana ya tashi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Ke" ce ni, ko "yarinyar nan". In zai aike ni sai ya dubi ƙofa ya yi magana, kamar ƙofar yake aika. Ba ƙiyayya ba ce. Lokacin ina sakandare, in na bar littafin lissafina a kan tabarma, da safe sai in tarar an gyara mini kurakurai da jan biro, ba a ce komai ba. Haka muke magana ni da shi.

Baba yana shan sigari. Kowa a gidan ya sani, ba mai faɗa. A bayan ɗakinsa yake sha, wurin da muke tara icce, kwali guda a rana, wani lokaci da ɗori. In ya gama sai ya kurkure baki, ya tauna kanumfari, ya fito. In an zo nemansa a lokacin Inna kan ce, "Malam ya zagaya." A waje kuwa mutum ne mai daraja. Ranar da liman bai zo ba, shi ake turawa gaba.

Bara da damina yana rubutu a allo alli ya faɗi daga hannunsa, bakinsa ya ɗan karkace. Kafin yamma abin ya sake shi. Likitan da ya gani a Katsina ya ce jininsa ya hau sosai, wannan gargaɗi ne, na biyu ba lallai ya sake shi ba. Inna ce ta faɗa mini, muna tsintar shinkafa, ba ta ɗago kai ba.

"An ce ya bar abin nan."

Ya gwada. Goro, minti, asuwaki har bakinsa ya yi jini. Kwana huɗu gidan ba mai iya motsi don faɗa. A na biyar na sake jin warin daga wurin icce.

Mutum ɗaya ne a duniya yake iya kiran abin da sunansa a gaban Baba, shi ne Kawu, ƙanin Inna, mai shagon gyaran waya a Batsari. Ƙanin mata ne, akwai wasa a tsakaninsu. In ya zo tun daga zaure yake farawa.

"Malam, jirgin ƙasa ya iso Safana ne? Tun daga bakin titi nake hango hayaƙi."

"Kai dai ba ka da ta ido. Bafulatanin da ya bar shanu ya koma kiwon waya."

Kawu ne ya kawo sigarin lantarki, abin da samari ke kira shisha-fen. Ya ce ya ga wani direba ya bar sigari da shi. Wanda ya kawo ba siriri ba ne irin na biro. Ƙato ne, ya cika hannu kamar tocila, da ɗan tanki na gilashi a samansa. A tankin ake zuba wani ruwa mai nikotin, sinadarin nan da ke hana mai taba barinta. Ba a ƙona komai, tururi ne yake fita. Baba ya juya shi a hannu ya ce kayan wasan yara ne, amma bai mayar ba.

Saura ruwan. Da Kawu ya je Katsina saro kaya sai ya turo mini hoton kwalabe a jere, ya biyo da saƙon murya.

"Ɗiyata, ke ce mai boko. Kowace da lambarta. Ga uku, ga shida, ga sha biyu, sha takwas, har da wata hamsin. Wai ƙarfin nikotin ɗin ke nan. Wacce zan ɗauko?"

Na ji tsoro, na ce uku. Mutumin da jininsa ya hau, na ga gara mafi sauƙi.

Daga nan aikin ya zama nawa, ba tare da kowa ya ba ni ba. Da ma ni ke share ɗakin Baba. In ya fita sai in ɗauko abin daga bayan rediyo, in sa shi a caji in an kawo wuta, in cika tankin, in mayar. Bai taɓa tambayar wa ke cikawa ba. Inna ta sa masa suna "maganin Malam".

Kicin ɗinmu bango ɗaya ne da ɗakinsa, kuma abin yana da ƙara in an zuƙa, kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi. Ban san lokacin da na fara ƙirgawa ba. Talatin, arba'in, a zama ɗaya. Ruwan mai lamba uku ba ya kai masa inda yake so, sai ya yi ta ja, ya yi ta ja, har tururi ya riƙa fitowa ta ƙarƙashin labule. Haka hannunsa ya saba.

Saura mako biyu azumi ina kwasar icce na ga ƙasa ta ɗan tashi a gindin katanga. Na tona da tsinke. Guntayen sigari bakwai. Bayan kwana uku na sake tonawa, sun ƙaru. Na tsuguna a wurin ina jin maganar likita a kunnena, na biyu ba lallai ya sake shi ba.

Na duba a waya. Na ga an rubuta cewa wanda yake shan kwali guda a rana, in aka ba shi ruwa marar ƙarfi, komawa sigari zai yi. Wannan gaskiya ne. Amma da na sami abin da nake nema sai na tsaya nan, ban karanta ƙasa ba. Na yi tunani irin na kemis: akwai maganin yara, akwai na manya. Baba babba ne, cutarsa babba ce. Na kira Kawu na ce hamsin.

"Daga uku zuwa hamsin? Ɗiyata, ko kuɗin mota ba ya tashi haka."

"Kawu, ba ka ga abin da na tono ba."

Sai ya ce mai sayar da ruwan ya ce ruwa ruwa ne, kowanne yana shiga kowane tanki. Ya ba wani direba ya kawo mini ranar tara ga azumi.

Kwalbar iri ɗaya ce da ta da. Tsawo ɗaya, hoton mangwaro ɗaya. Lambar ce kawai ta canza, ita ma ƙarama a gefe. Bayan azahar na cika tankin na mayar bayan rediyo. Ina fitowa daga ɗakin lissafin ya faɗo mini. Hamsin a raba da uku. Ya ninka na da fiye da sau goma sha shida. Kuma mutumin da zai sha ya saba ja sau arba'in, zai wuni bai ci ba, bai sha ba, bai zuƙa ba.

Magana ɗaya ce ake bukata. Baba, na canza ruwan, wannan yana da ƙarfi, ka ja sau biyu ka dakata. Ita ke nan. Na maimaita ta a raina har na haddace.

Ya dawo daga makaranta ya kwanta. Na je na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama. Ya amsa, fuskarsa na kallon bango.

"Mene ne?"

Ta ina zan fara? In na ce na canza ruwan, na ce ni ke cikawa ke nan. In na ce ni ke cikawa, na ce na san yana sha. Shekara ashirin yana tauna kanumfari don kar in sani.

"Ko in kawo ruwan alwala?"

"Akwai a buta."

Na koma wurin Inna tana jiƙa wake na ƙosai. Na faɗa mata duka. Ta tsame hannu ta dube ni.

"Mi kike so in ce mishi? Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ɗaukar maganar nan da shi ba. Ba yau zan fara ba, da azumi a bakina. Ki kira kawunki."

Na kira Kawu. Ya ce kar in damu, yana da mutane a shago, zai kira Malam bayan la'asar. Kafin la'asar sabis ya ɗauke, kamar yadda ya saba yi mana. Na ɗaga waya sama, na hau turmi, babu.

Na yi tunanin in zubar da ruwan. To tsohuwar kwalbar ta ƙare, in ya tarar da tanki wayam wurin icce zai nufa. Na yago takarda na rubuta: sabon ruwa ne, mai ƙarfi, a ja sau biyu kawai. Na karanta sai na ga kamar ni ce malama shi ne ɗalibi. Na yayyaga ta na jefa a murhu. Na ce wa kaina ai zai ji da kansa, babba ne, in ya ji ƙarfi zai tsaya.

Aka kira magariba. Al'adarsa da azumi ba ta canzawa: dabino ɗaya, ruwa kofi ɗaya, sai ya shiga ɗaki na ɗan lokaci kafin a ta da salla. Abinci sai ya dawo daga masallaci. Ya ci dabinon, ya sha ruwan, ya ɗaga labule.

Ina kicin riƙe da kwanon kunu. Ƙarar ta fara. Ɗaya. Biyu. Ya yi tari, na ce alhamdulillahi, ya ji. Uku. Huɗu. Biyar. Mutumin da ya wuni yana jiran wannan lokacin ba ya sauraron maƙogwaronsa. Goma. Kwanon yana ƙona mini yatsu ban ajiye ba. Ƙafata ɗaya ta taka bakin ƙofar kicin ta tsaya. Sha biyar. A masallaci aka ta da iƙama. Sha tara. Sai shiru.

Na jira ya fito. Na ji liman ya yi kabbara. Sannan na ji rediyo ya faɗi.

Ban yi sallama ba. Yana durƙushe a gefen katifa, hannu ɗaya a ƙasa, gumi na zuba daga haɓarsa kamar an watsa masa ruwa. Miyau na dalala. Ya yi amai, ruwan da dabinon, ya sake yunƙurin wani babu abin da ya fito. Ɗakin cike da ƙamshin mangwaro. Na riƙe kafaɗarsa, rabon da in taɓa shi tun ina goye, na ji jikinsa sanyi ƙalau yana karkarwa. Jijiyar wuyansa na bugawa da sauri har ana gani.

Inna ta shigo ta fara salati. "Ya dawo," take cewa, "ciwon ya dawo."

Ban san me ya sa ba, kafin in fita neman taimako na ɗauki kwalbar da abin zuƙar na cusa a aljihun rigata, na saki hijabi a kai. Ina jin so nake in ɓoye.

Maƙwabcinmu ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, yana da tsohuwar mota. Yana cikin sahu, na tsaya a ƙofar masallaci har aka sallame, raka'a uku da ban taɓa jin masu tsawonsu ba. Aka ɗauko Baba aka sa a baya. Liman ya shiga gaba, wasu mutum uku suka biyo mu a babura.

A asibitin gari mun tarar da ma'aikacin da ke aiki ranar, wanda kowa ke kira likita, da kofin kunu a hannu. Ya ajiye. Ya ɗaura wa Baba abin awon jini, ya riƙe wuyan hannunsa yana kallon agogo, fuskarsa ta canza.

"Yana da hawan jini?"

Inna ta ce yana da shi. Maƙwabcinmu ya ƙara da cewa bara ma bakinsa ya taɓa karkacewa.

"Me ya ci da shan ruwa?"

"Dabino da ruwa."

"Magani fa? Na asibiti ko na gargajiya? Ya sha wani abu?"

Inna ta sunkuyar da kai. Baba idonsa a rufe, amma na ga yatsunsa sun damƙe zanen gadon. Yana ji.

Likitan ya ce in shanyewar jiki ce ke dawowa, ba shi da kayan aikinta a nan, sai Katsina, kuma ba a jira da ita. Duk wanda ke wurin ya san ba a hawa hanyar nan bayan magariba, ya kuma san dalili: 'yan bindiga. Ɗaya daga masu baburan ya ce a bari sai da safe. Wani ya ce da safe ai an makara. Maƙwabcinmu ya zaro makullin motarsa.

"In Katsina ce, Katsina ce. Allah na nan. Hajiya, ku shiga."

Yana da 'ya'ya biyar. Na dubi makullin, na dubi Inna, na dubi liman a tsaye a kan Baba yana tofa masa addu'a. Kwalbar na tokare mini cinya. Abin da ya riƙe mini baki da rana shi ne ya sake riƙe shi, sai dai yanzu ba Baba kaɗai zai ji ba, har da mutanen da suke binsa salla.

Har sun kama gefen zanen za su ɗaga shi.

"Babana yana shan sigari."

Muryar ba ta yi kama da tawa ba. Kowa ya juyo. Na zaro kwalbar da abin na ɗora a kan tebur, na faɗi sauran a tsaye, ban numfasa ba: likitan Katsina, Kawu, lamba uku, guntayen da na tono, lamba hamsin, sau goma sha tara. Na ce ni na zaɓa, ni na zuba, kuma ban faɗa masa ba.

Likitan ya kai kwalbar kusa da fitila.

"Hamsin. A wannan ƙaton kika zuba?"

"E."

"Wannan ruwan na ƙananan nan ne masu fitar da tururi kaɗan. Wannan ƙaton ko sha biyu ta yi masa yawa. Kuma ciki ba komai." Ya juya ga Baba. "Malam, buɗe ido. Yi mini murmushi. Ɗaga hannu biyu. Matse yatsuna, da ƙarfi. Ɗayan."

Bakin bai karkace ba. Hannayen sun tashi tare. Likitan ya ce wa maƙwabcinmu ya mayar da makullinsa aljihu tukuna. Ya ce nikotin ne ya yi masa yawa, yawanci yana sauka da kansa, amma da irin jininsa ba zai bar shi ya tafi ba, zai sa masa ruwa ya zauna a kansa. In wani abu ya canza, to sai a sake magana.

Na fita baranda na zauna a ƙasa. Liman ya fito zai wuce, ya tsaya nesa kaɗan.

"Yarinya, shekara shida muna sahu ɗaya da babanki. Kina tsammani kanumfari yana rufe komai?" Ya gyara hularsa. "Allah ya yi miki albarka. Ki sha ruwa, na ga ko kunu ba ki sha ba."

Washegari da hantsi aka sallame shi. Kwana uku bai dubi ko ƙofar da nake tsaye ba. Na share ɗakinsa, bayan rediyo ba komai. Na ce shi ke nan, na tona masa asiri a gaban mutane, jan biron ma na rasa shi.

A rana ta huɗu Kawu ya zo, bai yi maganar jirgin ƙasa ba. Ya kawo ɗan siririn abin zuƙa da kwalba mai lamba sha biyu, yadda likitan ya ce in dai ba zai iya bari gaba ɗaya yanzu ba, a fara daga nan a riƙa sauka. Bayan ya tafi na ji Baba ya ce wa labule, "A kira yarinyar nan."

Na durƙusa a bakin ƙofa. Ya turo kwalbar a kan tabarma.

"Karanta mini. Duka, har ƙananan."

Na karanta, ina fassarawa. Da na gama ya ce, "Ranar nan da kika zo maganar ruwan alwala."

"E, Baba."

"Maganar nan ce ta kawo ki?"

"Ita ce. Na ma rubuta a takarda, na yaga."

Ya mayar da fuskarsa ga bango.

"Da kin bari a kan tabarma, da na gani." Ya ja carbinsa. "Daga yau in kin zuba, ki faɗa mini lamba. Da baki."

Yanzu muna kan shida. Jininsa bai sauka yadda ake so ba, likitan kuma ya ce shida ma ba wurin zama ba ce, sai an kai babu. Kullum da safe ina zuwa gindin katanga da tsinke. Wata uku ban tono komai ba, amma ban daina zuwa ba. In na cika abin sai in tsaya a ƙofa in ce, "Shida, Baba." Ya ce wa bango, "To."

Ƙirgar ma ban daina ba. Shekaranjiya ina wanke-wanke ƙarar ta fara, ta wuce inda ta saba tsayawa. Takwas. Tara. Kwanon ya zame daga hannuna. Na dafa bangon da jiƙaƙƙen hannu.

"Baba, ya isa."

Inna ta ɗago kai daga turmi ta dube ni. Na tsaya ina saurare har kumfan hannuna ya bushe, ban ji ta goma ba.